Uba da Ɗa a Igiya Ta Bakwai

Daren jiya wani mafarki ya same ni, kuma har yanzu da nake rubuta muku shi raina bai gama hucewa ba. Na sha kunu, na sha shayi, na yi wa kaji faɗa ba su yi mini komai ba, duk a banza.

Bari in fara da abin da ya jawo shi. Ɗana na fari matuƙin jirgin sama ne. Kada ku zuba ido kuna jiran in rubuta sunansa, ba za ku gani ba. Shekara arba'in da huɗu ke nan da haihuwarsa, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Haka uwata ta yi da nata ɗan farin, haka kakata ta yi. In ina nemansa sai in ce "kai", ko in yi gyaran murya, ya kuma san da shi nake.

To, ya zo mana hutu da iyalinsa. Jiya bayan la'asar yana zaune a tsakar gida yana ba matarsa Sa'adatu labarin aikinsu, ni kuwa ina gefe ina tsintar wake a faifai kamar ba na ji. Wai a sama kowane jirgi da tsayin da aka ba shi, ba ya hawa ba ya sauka sai mutanen hasumiya sun ba shi izini. Wai kuma dole mai ba da izinin ya kira jirgin da sunansa, shi kuma matuƙi ya maimaita maganar kaf, don a tabbata abin da aka faɗa shi ya ji. Na ce a raina, ji rashin tarbiyya. Na gaba da kai ya yi maka magana, ka tsaya kana mayar masa da ita kamar aku? A gidanmu "to" ake cewa a wuce.

Da wannan na kwanta.

Sai ga ni da rana tsaka a wani gari da ban sani ba. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa yana tafiya sama. Mata sun kife robobi a saman kansu suna tara, maza sun taka lema suna tafiya a kanta. Wata mota ta tsaya a gabana, direban ya fito, motar ta hau bayansa suka wuce. Ban ce uffan ba, ba garinmu ba ne.

Sai na gan ni a cikin rumbu. Rumbu ne na hatsi sosai, har da warin gero, amma dogo ne ya huda gajimare, an fafe masa tagogi ta kowane gefe. Ashe shi ne hasumiyar filin jirgin garin. A kan kujera mai juyawa akwai akuya zaune da tabarau. Kallo ɗaya na gane ta. Akuyar maƙwabciyata ce, Kande mai injin markaɗe, baƙa mai farin goshi, wadda ta cinye mini zogale har sau uku.

"Kin makara, Tabawa," in ji akuyar.

"Tabawa? Gatsal haka? Kanden da ta mallake ki ma Inna take ce mini."

"Nan ofis ne, ni ce shugaba. Zauna."

Na zauna, don ban iya musu da dabba a tsaye ba. Ta nuna mini taga da ƙaho. Ku ji abin da na gani. Sararin sama cike yake da igiyoyin shanya, wata bisa wata, daga ta ɗaya har ta goma sha biyu, an ɗaure su daga gabas zuwa yamma. Jirage kuwa a kansu suke tafiya, kowane da igiyarsa, kamar tururuwa a jikin waya. Ta ajiye mini faifai a cinya, ga wake a kai yana yawo da kansa. Kowace ƙwaya jirgi ce. Ta miƙo mini ludayi.

"Da wannan za ki yi musu magana, ta cikinsa kuma za ki ji su. Dokar ba ta da yawa. Igiya ɗaya, jirgi ɗaya. Ki kira matuƙi da sunansa na yanka, ki faɗa masa igiyarsa, shi kuma ya maimaita."

Tana gama faɗa ta yage shafin dokar daga littafi ta cinye.

Da farko aikin bai ba ni wuya ba, ni da na raini yara tara a ɗaki biyu. Wani Kyaftin Ilu mai ɗauke da kabewa ya nemi sauka, na kira shi, na ba shi ta uku, ya maimaita, ya sauka. Wani Kyaftin Ɗanjuma ya tsaya gaisuwa, ina gajiya, ina ruwa, ya jikoki, har ya wuce garin da zai sauka bai gama ba. Na ce ya je ya juyo, ladabi ba laifi ba ne.

Can sai ga ƙwaya biyu sun shigo faifai, fara daga gabas a igiya ta tara, ja daga yamma a igiya ta biyar. Ludayi ya yi tari, murya ta fito.

"Hasumiya, iska ta yi yawa a ta tara. Ina neman izinin saukowa."

Muryar yaron nan ce, ɗana na fari. Kafin in haɗiye yawu sai na ji ƙararrawar keke, ƙiririn, ƙiririn.

"Salamu alaikum. Wa ke nan? Ta biyar ɗin nan ta yi mini ƙasa, hayaƙin girki yana shiga mini ido. A ƙara mini sama."

Malam ne. Maigidana, uban yaran, shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Na leƙa taga, ga shi can a cikin wani jirgin kwano mai feda, yana murzawa a hankali yadda yake murza tsohon kekensa in zai tafi kasuwar Malumfashi, ya naɗe ƙafar wando ɗaya. Mutumin da ko mota ya shiga sai ya riƙe ƙofa, wai shi ne da jirgi.

Yanzu ku duba mini wannan lamari, 'ya'yana. Duk matuƙan duniya, sai mutum biyun da bakina ba ya kiran sunansu aka turo mini rana ɗaya, sa'a ɗaya. Wa ya tsara wannan aiki?

Na ce bari in fara sallamar mai rai. Na kawar da kai gefe yadda na saba, na yi gyaran murya, na ce cikin ludayi, "Kai, koma ta bakwai."

"To, Inna," in ji ɗana.

"Na ji," in ji Malam.

Farar ƙwaya ta gangaro, ja ta haura. Suka hau igiya ta bakwai su biyu, ɗaya daga wannan baki, ɗaya daga wancan, suna fuskantar juna.

Akuya ta sauke tabarau ta auna faifai da kofato. "Saura taƙi biyu," ta ce.

"In sun haɗu fa?"

"A garin nan ba a fashewa. Wanda ya riga tafiya shi ke jan ɗan'uwansa. Tare za su wuce inda Malam ya nufa."

Na damƙi ludayi da hannu biyu.

"Malam! Wa ya ce da kai nake?"

Sai sama gaba ɗaya ta amsa. Matuƙa sun fi arba'in, kowa yana "na'am, Hajiya", don ashe duk malamai ne, har da mai kabewa da ya riga ya sauka. Da suka lafa, nawa Malam ɗin ya ce, "Kin ce kai. Shekara talatin da biyar kai kike ce mini, yau kuma ya zama na wani?"

"Ni ma kai ne, Inna," in ji ɗana a hankali.

"Kai kuma da kake cika mana tsakar gida da labarin maimaitawa, ina maimaitawar taka? Da ka mayar mini da maganar, ai da ubanka ya ji ba tasa ba ce!"

"Inna, ai ke ce. Ya za a yi in maimaita miki magana?"

Kun ji fa. Tarbiyyar da na ba shi da hannuna ita ya ɗauko ya buga mini a ka. Shi kuwa uban, "na ji" ɗin nan tasa na san ta tun ina amarya. Ka ce masa gishiri ya ƙare, ya ce na ji, ya dawo da igiyar guga.

Na sake gwadawa. "Mai taurin kan nan, sauko ta shida."

"Na'am," suka ce tare.

"Wanda ke barin ƙofar gida a buɗe dabbobi su shigo!"

"Na'am."

"Mai cin tuwo ya bar miya a gemu!"

Ina jin su suna shafa haɓa. Sannan, "Na'am," su biyu. Gado ne, babu abin da ya bari na uban.

"Taƙi ɗaya da rabi," in ji akuya.

Na miƙa mata ludayi. "Ungo, ke ki kira shi mana. Ai ba ke kika haife shi ba, ba kuma ke kika auri uban ba."

Ta ja kujera baya. "Shugaba ba ya taɓa ludayi. Ni sa hannu nake yi."

"Hannun da ba ki da shi?"

"Wannan rashin ɗa'a ne ga na gaba. Sai kin bayyana gaban kwamiti."

Sai na gan ni durƙushe gaban zabi uku, suna zaune cikin kwano ɗaya, kowace da biro a baki. Faifan yana hannuna, ƙwayoyin suna ta matsowa.

"Wa kika ba igiya ta bakwai?" in ji ta tsakiya.

"Shi."

"Shi wa?"

"Shi ɗin dai."

Suka rubuta "shi ɗin dai", suka buga hatimi da ƙafa.

"To wa ya hau ba da izini ba?"

"Shi ɗayan."

Suka rubuta wannan ma. Nan fa na miƙe. Na ce ku saurara, ni ba yarinya ba ce da za a zaunar da ni ana rubuce-rubuce ɗana yana kan igiya. Wa ya ɗauke ni aikin nan? Wa ya tambaye ni sunayen da nake iya kira kafin a ba ni ludayi? Me ya sa ba a kawo Kande ba, ita da ke ƙwala wa nata ɗan farin kira daga bakin rijiya unguwa duk tana ji? Kun ɗauko mace mai kunya kun ɗora ta a rumbu, kun sa mata akuya a ka, sannan ku ce ita ce mai laifi?

Zabin suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Ta tsakiya ta ce, "Kwamiti ya gano laifin na waken ne. Za a jiƙa shi gobe. Koma bakin aiki."

Sai ga ni a rumbu kuma.

"Yatsa huɗu," in ji akuya, tana tauna igiyar labule.

Na ce ai wake ne, bari in ɗauke shi da hannu kawai. Na sa yatsa biyu na kama farar ƙwaya. Wallahi ko turmi bai kai ta nauyi ba, ko motsi ba ta yi ba. Na hura mata iska, na karkata faifan, na buga shi a gwiwa. Sauran waken suka tarwatse, matuƙa suna ta salati a cikin ludayi, amma biyun nan suna nan kan hanyarsu.

Sai dabara ta faɗo mini. Na ce, "Ku ji ni da kyau. Tsohon ya hau ta takwas, yaron ya sauko ta shida."

"Madalla," in ji Malam. "Mu a nan duk 'yan shekara talatin da uku ne. Ni ne yaron ke nan."

"Ni kuwa arba'in da huɗu," in ji ɗana. "Ke nan ni ne tsohon. To, Inna."

Ina kallo farar ƙwaya ta ɗaga kai za ta haura. Haurawa ta takwas daga ƙasa kuwa, akuya ta riga ta gaya mini, hanyar waɗanda ba sa dawowa ce. Na ƙwala ihu, "Ku koma inda kuke! Kowa ya koma!" Suka koma ta bakwai, su biyu, da biyayyarsu mai ban haushi.

"Yatsa biyu."

Yanzu ba sai na duba faifai ba, ta taga ma ina ganinsu. Ga babban jirgin ɗana fari tas, cike da mutane, wasu na barci, wata mata tana ɓare gyaɗa. Ga na Malam yana tahowa yana ƙiƙi-ƙiƙi. Igiyar ta lanƙwashe a tsakiya saboda nauyinsu, kowane yana gangarowa wajen ɗan'uwansa. Malam ya saki hannu ɗaya yana ɗagawa.

"Kai ne haka? Ka yi furfura! Matso mana in gan ka, na kwana biyu ban sa ka a ido ba."

"Baba," in ji ɗana. Muryarsa ta koma irin ta lokacin da yake ɗan shekara shida, yana jiran a ɗora shi a bayan keke. "Baba, ga ni nan."

Wannan "ga ni nan" ita ta tsinka mini zuciya. Raina kuma ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Wato ni na yi goyo, na yi jinyar ƙyanda, na haɗiye sunan yaro shekara arba'in da huɗu don kunya, shi kuma mutumin nan ya zo da jirgin kwano ya ɗaga hannu sau ɗaya ya tafi da shi? Yana da mata, yana da 'ya'ya huɗu, ƙaramar ko yaye ba a yi ba!

"Yatsa ɗaya," in ji akuya. Ta ɗauko biro tana shirin sa hannu.

Na miƙe tsaye, faifai ya faɗi. Na kafa ludayi a baki. Ban kawar da kai ba, ban yi gyaran murya ba. Na kira sunan.

Ba zan rubuta muku shi ba, sau ɗaya ya isa. Amma na kira shi cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna ina ɗaki ina ji ta bayan labule. Ya fito da ƙyar, kamar an ciro tsohuwar ƙusa daga bango. Ruwan da ke hawa sama ya tsaya cik a inda yake.

"Na'am, Inna?"

"Sauko igiya ta shida. Yanzu."

"To, Inna."

"Ban tambaye ka 'to' ba! Maimaita!"

Sannan ya faɗi sunansa da bakinsa, ya ce, "Zan sauko igiya ta shida, yanzu."

Farin jirgi ya sunkuyar da kai ya zame ƙasa. Tayar jirgin Malam ta shafi rufinsa, ta bar masa ɗan layin laka, suka wuce juna. Ƙiririn, ƙiririn.

Na zauna a kan buhun gero. Can sai ludayi ya sake tari.

"Ashe bakin yana iyawa," in ji Malam. "To ni fa? Shekara talatin da biyar ban ji nawa ba ko sau ɗaya."

"Kai dai hau ta takwas ka kama hanyarka. Saura kaɗan ka yi mini ɓarna. Allah Ya ƙara maka rahama."

"Na ji," ya ce, yana dariya ƙasa-ƙasa. Wannan karon kuwa ya ji ɗin, don ina kallo ya haura, yana murza feda, har ya zama ɗigo.

Akuya ta rubuta mini takardar yabo, ta sa hannu, ta karanta mini, ta cinye. Na ce mata in mun koma gida za mu yi maganar zogale. Ba ta kula ni ba, ta karɓe ludayin ta hau gurgura. Gurrr, gurrr. Ƙarar tana ta ƙaruwa, rumbu yana rawa, gurrr, gurrr, gurrr.

Na buɗe ido. Injin markaɗen Kande ne ta bayan katanga, ta tayar da shi ana niƙa wake. Ashe na koma barci bayan asuba har rana ta fito.

A bakin ƙofar ɗakina Sa'adatu ce tsaye da buta a hannu, ta saki baki. A bayanta ga shi, ba takalmi, rabin fuskarsa duk kumfar aski.

"Inna, lafiya? Ke kika kira ni?"

"Ni? Da wane bakin?"

"Inna, har zaure an ji," in ji Sa'adatu.

"Akuya nake kora."

"Akuyar Kande?" ta ce, tana danne dariya da gefen mayafi. "Ashe takwararsa ce."

"Ke, je ki duba kununki kada ya kama."

Ta tafi. Shi bai tafi ba. Ya tsaya nan yana kallon ƙasa, babban mutum mai furfura, idonsa ya yi ja. Ya ce wai sabulu ne ya shiga masa. Na ce to ya je ya wanke, ya daina tsaya mini a ƙofa yana tare haske.

Ɗazu bayan azahar ya yi shirin komawa aiki. Ya zo ya durƙusa yi mini sallama, ina zaune da faifaina. Na kawar da kai gefe yadda na saba.

"Kai. In mutanen hasumiya suna magana, ka buɗe kunne ka tabbata da kai suke. In wani ya ɗaga maka hannu a hanya, ko wane ne, ba ruwanka. In ka sauka kuma ka bugo mini waya."

"To, Inna."

Na ajiye faifan, na dube shi ido cikin ido.

"Maimaita."